Malam a Cikin Waya: Ana Iya Koyon Kareti ko Dambe Ba Tare da Ubangida Ba?

Idan ka bi ta bayan unguwa da sassafe, an idar da sallar asuba, masu koko ba su gama kasa kaya ba, ba wuya ka ci karo da shi. Matashi ne ɗan shekara sha bakwai ko sha takwas, a cikin kangon da mai shi ya kai linta kuɗi suka ƙare. Ya cika tsohon buhun shinkafa da yashi ya rataye a reshen darbejiya, ya jingina wayarsa a kan bulo ya tokare ta da dutse. A cikin wayar wani ɗan Koriya ne yake ɗaga ƙafa yana bayani da harshen da yaron ba ya ji. Sai ya tsayar da bidiyon, ya ja da baya, ya kai wa buhun shuri, ya dawo ya tsuguna ya sake kallo. Haka zai yi ta yi har rana ta ɗaga, gumi ya jiƙa masa singileti, ba wanda ya ce masa "gyara nan".

Irinsa suna da yawa a garuruwanmu. Wani tsoron masu ƙwacen waya ne ya tura shi, wani jarrabawar shiga soja yake hange, wani kuwa ya ga Kamaru Usman da Israel Adesanya sun ɗaga kambin duniya ne, ya ce shi ma ai ɗan Najeriya ne. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: ba malami a kusa, ko akwai amma ba kuɗin biya. To, ina wannan hanya take kai mai binta, kuma ina take tsayawa?

Daga silima zuwa mai turi

Sha'awar ba yau ta fara ba. Waɗanda suka tashi a Kano a shekarun 1970 da 1980 suna tuna daren da ake sa fim ɗin "Cainis" a Plaza ko Orion ko Eldorado. Ana tashi, tun daga bakin ƙofar silima yara ke fara tsalle suna ihu suna shurin iska. Washegari a makaranta kowa ya zama Burusli. Akwai masu yanka sanda gida biyu su haɗa da guntun sarƙa, su yi ta wulwulawa har ta dawo ta fasa musu ƙeya.

Fim ɗin da ya kunna wutar shi ne Enter the Dragon na Bruce Lee, wanda ya fito a 1973, shekarar da shi jarumin ya mutu yana da shekara 32. A 1978 Jackie Chan ya zo da Drunken Master, a 1982 kuma Jet Li ya fito a fim ɗin da aka ɗauka a gidan ibadar Shaolin da ke lardin Henan na ƙasar Sin. Daga silima abin ya koma kaset, daga kaset ya koma faifai, yau kuma sai ka je wurin mai turi a Farm Centre ko kowace kasuwar waya a cika maka memori da abin da ba za ka iya kalle shi a wata guda ba.

Abin da yaran silima ba su sani ba shi ne faɗan fim rawa ce da aka tsara. An riga an shirya wanda zai kai hannu da wanda zai faɗi, in ba a dace ba a sake ɗauka sau goma. Shi kansa Bruce Lee da ake kwaikwayo ɗalibi ne: a Hong Kong ya zauna a gaban malaminsa Ip Man ya koyi salon Wing Chun, kafin ya tafi Amurka ya shiga tara littattafan dambe da kokawa da wasan takobi yana nazari. Littafinsa da ya fi shahara, Tao of Jeet Kune Do, bayan mutuwarsa aka buga shi a 1975, an tattaro shi ne daga rubuce-rubucen da ya fara lokacin da ciwon baya ya kwantar da shi a 1970.

Kayan karatun da za a iya dogara da su

A gaskiya mai neman koyo a yau bai rasa abin kamawa ba. Matsalarsa yawa ce, da rashin sanin wanne ne tsaba wanne ne tsakuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara daga tushe, wato daga gidan da ya haifi wasan.

Judo dai Jigoro Kano ne ya kafa shi a 1882 a birnin Tokyo. Sunan nasa na Japananci ne, ba ruwansa da Kanon Dabo. Makarantar da ya kafa, Kodokan, tana nan har yau, kuma ta tantance dabaru 100 a hukumance: 68 na kayarwa, 32 na danniya da shaƙa da murɗe gaɓa. Makarantar tana da tasharta a YouTube inda aka nuna dabarun ɗaya bayan ɗaya, a gajerun bidiyoyi da ba sa cin data.

Takwando kuma hedikwatarsa Kukkiwon ce, wadda aka buɗe a 1972 a birnin Seoul na Koriya ta Kudu. Ita ma tana sa bidiyoyin jerin motsin da ake kira pumse, ciki har da guda takwas ɗin nan na Taegeuk da kowane ɗalibi ke bi kafin ya kai ga baƙar ɗamara. Ga mai son kareti, akwai littafin Gichin Funakoshi, Karate-do Kyohan, na 1935, da jerin littattafai 11 na ɗalibinsa Masatoshi Nakayama mai suna Best Karate, waɗanda hotuna suka fi rubutu yawa a cikinsu, don haka ko Turancinka bai nuna ba za ka amfana. Mai son damben zamani kuwa ya nemi Championship Fighting na Jack Dempsey, tsohon zakaran duniya ajin masu nauyi, wanda aka buga a 1950. Bayanin da ya yi kan yadda ake zuba nauyin jiki gaba ɗaya cikin naushi har yau masu horarwa na komawa gare shi.

Akwai kuma wani malamin da ake mantawa da shi: gasa ta gaske. Wasannin Olamfik da na gasar duniya suna nan cikakku a intanet. Judo ya shiga Olamfik tun 1964, takwando ya zama wasan lambar yabo a Sydney a 2000. A nan ne mutum zai ga dabarar da ke ci idan abokin karawa ya ƙi ba da haɗin kai. YouTube na ba da damar rage gudun bidiyo zuwa kwata, sai ka ga inda ƙafa ta tsaya da lokacin da ƙugu ya juya, abin da ido ba ya kamawa a gudun da aka saba.

Waɗanda suka bi ta nan suka fita

Masu cewa ana iya koyo ba malami suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. Evan Tanner, wani Ba'amurke daga Amarillo ta jihar Texas, da kaset-kaset ɗin koyarwa na iyalan Gracie 'yan Birazil ya koyi dabarun murɗiya da shaƙa. A watan Fabrairun 2005 ya ci kambin UFC na matsakaitan nauyi, wato gasar nan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa a cikin keji. A Afirka ma muna da misali, ko da yake ba a fagen faɗa ba: Julius Yego na Kenya, wanda ya riƙa kallon bidiyon gwanayen jifan mashi irin su Jan Železný a YouTube saboda ba mai koya masa a gida. A 2015 ya jefa mashi mita 92.72 a Beijing ya zama zakaran duniya.

Amma a duba labarin da kyau. Tun kafin Tanner ya sa kaset na farko, ya riga ya zama zakaran kokawar makarantun sakandare na jiharsa. Jikinsa ya san yadda ake riƙe mutum da yadda ake faɗuwa, kuma abin da ya gani a kaset a jikin abokai yake gwada shi. Yego kuwa da ya fara tasowa sai ya tafi Finland ya zauna a hannun mai horarwa Petteri Piironen, bayan nan ne ya ci duniya.

Misali mafi ban mamaki shi ne na masu farfaɗo da wasan takobin Turai. Su kam malamansu sun mutu tun ɗaruruwan shekaru, silsilar ta yanke, ba abin da ya saura sai littattafai. Mafi tsufa a ciki wani rubutun hannu ne na wajen shekarar 1300 da ake kira I.33, yana ajiye a gidan tarihin makamai na birnin Leeds a Ingila, da zanen wani limamin coci yana koya wa ɗalibinsa takobi da 'yar ƙaramar garkuwa. Akwai kuma na Fiore dei Liberi, ɗan Italiya, na farkon ƙarni na 15. Daga shekarun 1990 mutane suka duƙufa a kan waɗannan takardu har suka tayar da wasan. Yaya suka yi? Ƙungiya-ƙungiya suka kafa. A karanta shafi, a sa hular kariya, a ɗauki takobi marar kaifi a gwada. In fassarar ba ta yi aiki a jikin mutum mai kare kansa ba, a koma littafi a sake duba inda aka kauce.

Duk cikinsu ba wanda ya tsaya shi da bango. Kowa ya samu jikin da zai gwada a kai, da idon da zai gaya masa gaskiya.

Abin da waya ba ta gani

Bidiyo yana nuna maka, amma ba ya kallonka. Matashin nan na kango zai iya yin wata shida yana sauke hannun hagu duk lokacin da ya kai naushi da dama, bai sani ba, buhu kuma ba ya ramawa balle ya sanar da shi. Kuskuren da aka maimaita sau dubu ya zama jiki, kuma masu horarwa sun sha faɗa cewa koya wa wanda bai san komai ba ya fi sauƙi a kan kwance wa mutum mugun sabo.

Sai kuma tazara da lokaci, waɗanda su ne zuciyar kowane faɗa. Sanin cewa abokin karawa ya shigo inda hannunka zai kai, da sanin ƙiftawar idon da ya buɗe, ba a samunsu sai a gaban mutum mai motsi, mai yaudara, mai niyyar ya same ka. Haka ma natsuwa bayan an sha naushin farko. Mutum zai iya haddace motsi hamsin, hannu ɗaya ya sauka a kuncinsa duk su watse.

Ga kuma haɗari. Wanda ya dinga dukan buhun yashi da hannu tsirara, bai iya dunƙulewa ba, bai naɗe wuyan hannu ba, yana iya karya ƙashin bayan hannu da ke bin ƙaramin yatsa, karayar da likitoci suka laƙaba wa sunan 'yan dambe. Yashi in ya kwana biyu a buhu yakan dunƙule a ƙasa ya yi tauri kamar dutse, shi ya sa masu sani ke cika buhu da tsummoki da dusar katako. Shaƙa ta fi wannan muni: matse jijiyoyin wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa na iya sumar da mutum cikin kimanin daƙiƙa goma, in aka ci gaba da riƙewa kuma sai dai wani labarin. Yara biyu da suka ga abin a bidiyo suka shiga ɗaki suna gwadawa, ba babba a wurin, da ransu suke wasa. A ajin judo ma abin da ake fara koya wa sabon shiga shi ne faɗuwa: yadda zai sunkuyar da haɓa, ya daki tabarma da hannu, kada ƙeya ta bugu. Sai ya iya wannan ake barinsa ya ka da wani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a nan kuwa ƙuƙumin na iya zama na gaske.

Su kansu masu sayar da darussa ta intanet sun ci karo da wannan iyaka. A 2008 wasu jikokin gidan Gracie suka buɗe makarantar intanet, har suna ba da shuɗiyar ɗamara ga wanda ya aiko da bidiyon kansa. Suka sha suka daga ko'ina, daga baya suka gyara tsarin, aka koma sai an ga mutum ido da ido an gwada shi.

Kallon kitse

Kasuwar ta kuma cika da 'yan damfara. Za ka ga bidiyon wani da baƙar ɗamara yana taɓa mutum da yatsa ɗaya ya zube, ko yana ƙwace wuƙa cikin murmushi kamar mai karɓar goro. Alamominsu ba su da wuyar ganewa. Ɗalibin da ake gwaji da shi yakan miƙo hannu ya tsaya cak yana jira. Malamin ba ya faɗin wanda ya koya masa. Ba za ka taɓa ganin shi ko ɗalibansa a wata gasa ba. Sannan akwai alƙawarin nan na "cikin kwana bakwai".

A watan Afrilun 2017, a birnin Chengdu na Sin, wani ɗan damben gauraye mai suna Xu Xiaodong ya kara da Wei Lei, wanda ake tallatawa har a talabijin a matsayin gwanin taici mai ƙarfin ban mamaki. Ba a cika rabin minti ba gwanin yana ƙasa yana kare kai. Mu da muka san labarin masu maganin tauri da ake kaiwa asibiti bayan an gwada wuƙa, bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Musamman bidiyon ƙwace makami, kallon kitse ake yi wa rogo. Malamin kirki abin da zai ce maka shi ne in an zaro wuƙa ka miƙa wayar, ka tsira da ranka.

Shagon wa?

Amsar tambayar tana nan a gida tun da daɗewa. Je ka gidan dambe, a Kano ko Dei-Dei ko Maraba, ka saurari yadda ake kiran 'yan wasa: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Garkuwan Cindo, Autan Sikido. Ɗan dambe da sunan ubangidansa yake shiga fage, kafin ya kai hannu an san gidan da ya fito, an san ko ɗan Kudu ne ko Arewa ko Jamus ko Guramada. Yaro yakan fara ne da riƙe wa manya kaya, yana kallon yadda ake naɗa kara a hannun duka, yadda ake miƙa ɗaya hannun a tsare gida. Daga nan a sa shi a wasan sharar fage da sa'ansa. Ya yi turmi uku, a kashe shi ko ya yi kisa, ya fito ubangida ya gaya masa inda ya buɗe. Ba littafi ko ɗaya a wannan makaranta, amma ba abin da ta rasa na gyara da gwaji. Haka kokawa take a Nijar, inda tun 1975 jihohi ke karawa a gasar Takobi. Gwanaye irin su Issaka Issaka na Dosso a cikin rairayi da hannun manya suka tashi.

Almajiran zaure ma sun san ƙa'idar. Ko kana da littafin a hannu sai ka je gaban malam ya biya maka, kuma malamai kan ce wanda littafi ne kaɗai malaminsa, kuskurensa ya fi daidansa yawa.

Labarin Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya ishi mai shakka. Yana yaro mahaifinsa ya hana shi takwando bayan wani ɗan'uwansu ya rasu sakamakon raunin da ya ji a wasan. Da aka tura shi Togo wurin dangi, can ya samu hanyar komawa ajin. Daga baya ya tafi Jamus ya ci gaba da horo a hannun ƙwararru. A 2016 ya ciyo wa Nijar azurfa a Rio, lambar Olamfik ta biyu a tarihin ƙasar bayan tagullar ɗan dambe Issaka Daboré ta 1972, a 2017 kuma ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu. Hani bai kashe masa sha'awa ba, amma kowane mataki da ya taka, a gaban malami ya taka shi. Haka Chika Chukwumerije da ya samo wa Najeriya tagulla a takwando a Beijing a 2008.

To mai waya ya yi yaya?

Kada ya jefar da ita. Akwai abubuwa da yawa da mutum zai gina shi kaɗai, kuma su ne harsashi: gudu, tsallen igiya, miƙe jijiyoyi, ƙarfin ciki da ƙafafu, tsayuwa, takun shiga da fita, damben inuwa. Ya zaɓi wasa ɗaya da tushe ɗaya ya bi daga darasin farko, maimakon yau kareti gobe kunfu jibi damben Tailan. Ya sauke bidiyon da dare lokacin da data ke da rangwame. Mafi muhimmanci, ya juya kyamarar ta kalle shi: ya ɗauki kansa na minti ɗaya, ya ajiye kusa da na gwanin, ya rage gudu ya kwatanta. Abin da zai gani ba zai yi masa daɗi ba, kuma nan ne koyo ke farawa.

Wannan hanya ta fi amfani ga 'yan mata da matan aure, waɗanda fita zuwa fili cikin maza ba ta yiwuwa gare su. Tsakar gida da waya da ƙawa ɗaya sun isa a samu lafiyar jiki da ƙwarin gwiwa, kafin Allah Ya kawo mace mai koyarwa.

Amma shaƙa, da kayarwa, da musayar naushi a kai, a bar su sai an samu mai sa ido. Kuma malaman sun fi kusa da yadda ake zato. Hukumomin wasanni na jihohi suna da ƙungiyoyin judo da kareti da takwando da dambe, galibi a manyan filaye irin su filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, da na Ahmadu Bello a Kaduna, da na Seyni Kountché a Yamai. Jami'o'i da barikoki ma ba sa rasa masu yi. A Abuja cibiyar al'adun Koriya tana koyar da takwando. Wanda yake ƙauye, ko sau ɗaya a wata ya shigo gari a duba shi a gyara masa, ya koma da aikin gida, ya fi shekara guda shi da buhu.

Iyaye kuma, in kun ga yaro ya rataye buhu a bayan gida, kada ku tsaya ga faɗa da ƙwace waya. Ya zo a littattafan hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya ka da shi, don haka neman ƙarfin jiki ba abin kunya ba ne. Ku kama hannunsa ku kai shi inda za a koya masa, domin malamin kirki tare da shuri yake koyar da ladabi da haƙuri da kauce wa fitina. Kai kuma matashin kango, ci gaba da tashin asuba, ba a banza kake zubar da gumi ba. Sai dai ranar Asabar mai zuwa sa wayar a aljihu, ka hau mota zuwa filin wasa, ka yi sallama ka ce ka zo koyo. Zuwa da kai ya fi saƙo.